Muryar 'Yar Gajera

Ranar wata Alhamis ce a farkon watan Muharram, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, an gama sallamar alhazai, garin Jidda ya ɗan sarara. Ina zaune a saman rufin gidanmu da ke bayan Bab Makka, na baje tsohon zani a kan tabarma, kakata ta wajen uba tana gefena ta miƙe ƙafafu. Sitti muke ce mata, kamar yadda yaran Hijaz ke kiran kakanninsu mata. A kan zanin akwai gajeriyar bindigar marigayi mijinta, da gwangwanin samna, wato man shanu, wanda tun kafin a haife ni babu samna a cikinsa sai harsasai, da ƙaramar kwalbar man riɗi. Idon Sitti ya riga ya tafi a lokacin, sai dai ta bambance haske da duhu, don haka ni ce mai tsoma tsumma a mai ina miƙa mata, ita kuma tana ɗaukar harsasan ɗaya bayan ɗaya tana murza su tun daga kai har gindi. Da ta gama sai ta lalubo bindigar ta ɗora a cinya. Can ta ce, "Zannuba, ki je ki ce wa wancan ina so in ji muryarta sau ɗaya, kafin kunnen ma ya bi idon." Na goge hannuna a jikin rigata na sauka neman Baba.

"Wancan" ɗin Babana ne. Shi ne ɗan farinta, kuma a al'adar da Sitti ta taho da ita daga ƙasar Hausa tana yarinya, ta ratso Sudan da ita a ƙafa har ta haye teku, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta ma yarda a ga ta damu da shi. Sitti ta canza abubuwa da yawa a Jidda. Ta koyi karyawa da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, ta iya yi wa mai tankar ruwa faɗa da Larabcin da ya fi nasa kaifi, amma wannan kunyar ba ta rage mata ko ƙwaya ba. Maƙwabtanmu Larabawa sun daɗe suna zaton gaba ce tsakanin uwa da ɗa. Sai ka gan su a ɗaki ɗaya, tsakaninsu bai wuce faɗin tabarma ba, ta juyo gare ni ta ce, "Ki ce wa wancan maganin hawan jinin ya ƙare." Ni kuma in juya in faɗa wa Baba abin da ya riga ya ji da kunnensa, shi kuma ya ce, "Ki ce mata gobe in Allah ya yarda." Yayyena sun yi wannan aiken kafin ni, suka girma suka zille, ya faɗo kaina. Ban taɓa ɗaukarsa baƙon abu ba, aiki ne kawai kamar shara da wanke-wanke.

Gidanmu tsohon gini ne a wani lungu da mota ba ta shiga. A ƙasa akwai ɗakin Sitti da majalisar Baba inda yake karɓar baƙi, a sama mu da Umma, can ƙoli kuma rufin da ake shanya, ake kiwon tantabaru, ake shan iska lokacin zafi. Da sassafe ni ke bin layin gurasa wajen mai tanda, in dawo in ɗauraye kofunan shayi, in zura rigar makaranta in ruga. Bayan la'asar mu zana ɗakuna da gawayi a ƙasan lungu, mu yi ta tsalle da ƙafa ɗaya muna tura fasasshen tayil, wasan da muke kira birbir, har sai mai tankar ruwa ya danna hon kowa ya watse neman bokiti. Sitti na soya gyaɗa tana ƙullawa a leda, mu kai bakin makarantar maza. A kan duk wannan akwai laimar Jidda, iskar nan mai gishiri da ke tasowa daga teku ta kwanta a kan ƙarfe ta cinye shi. Kwaɗo ya ƙi buɗewa, almakashi ya ƙi motsi, keken ɗinkin Umma ya kama kuka. Maganin Sitti ɗaya ne, mai. Ta shafa wa ƙyauren ƙofa, ta shafa wa wuƙa, ta shafa wa ƙafafunmu, tana cewa, "Duk abin da kuka bari a bushe a garin nan kun yi wa tsatsa kyauta." A mafi yawan abubuwa kuwa ita ce da gaskiya.

Bindigar 'Yar Gajera ake ce mata a gidan. Irin ta sojan doki ce, ba ta kai sauran bindigogin soja tsawo ba, an yi ta ne don mahayi ya rataya a baya. Tana cikin ragowar kayan yaƙin Turawa da suka yi wa sojoji yawa bayan an daina faɗa, aka yi gwanjonsu, suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har suka iso bakin tekun nan. Kakana, Sidi, ya saye ta yana saurayi, lokacin da sana'arsa ita ce kora tumakin hadaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Makka a ƙafa, kuraye da karnukan daji na bin garken. Ya yi mata ado irin na gida, ya buga mata ƙusoshin tagulla a ƙota, ya naɗa mata jar fata a wuya. A wancan zamanin Jidda na cikin ganuwa, mutanenmu na zaune a bukkoki a bayanta. Idan Sidi ya dawo daga tafiya, yana hango garin daga nesa sai ya harba sau ɗaya cikin tudun yashi. Sitti ta san muryar ba ta haɗa ta da ta kowa, tana ji sai ta ɗora tukunya. Aibin Sidi ɗaya ne, bai taɓa dawowa ranar da ya ce ba. In ya ce Laraba, to a fara sa kunne daga Asabar. Sitti ta sha ba mu wannan labarin, kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mai bindigar" kawai take cewa. Ya rasu kafin a haife ni, kuma tun yana raye gari ya cika ya haɗiye inda yake harbin.

Na sami Baba a majalisa yana gyaran rediyo. Direba ne a wani ofishi a unguwar Bagdadiyya, amma da ƙuruciyarsa ya yi 'yan shekaru yana aikin gadi da makami, ya fito da tsoron bindiga irin na wanda ya san ta. Shi ya je ya yi wa 'Yar Gajera tasrihi, wato takardar izini, da sunansa bayan rasuwar Sidi. Shi ya zare ƙarfen da ake ja a ɗana ta ya kulle a akwatinsa, ya bar wa Sitti gangar jikin ta riƙa shafawa. Abokansa Alhaji Sannu-sannu suke ce masa, don ko titi zai tsallaka sai ya duba ya sake dubawa. Da na isar da saƙon, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in kawo masa gwangwanin. Ashe bai taɓa sanin har harsasan ake shafa wa mai ba, don ranar shafawa ba ya hawa sama, kunya ta hana. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske, ya shinshina, ya duba ɗan zagayen da ke gindinsa inda wuta ke kamawa, mai ya taru a gefensa ya yi baƙi. Ya ɗauki wani ya ga kore-kore a wuyansa. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce kowace shekara, tun ina ganin yayata na miƙa tsumman. Ya rufe gwangwanin a hankali ya ce, "Ki ce mata na ji."

Bayan azahar na ji yana yi wa Umma bayani a kicin, ni ina gefe ina tsince shinkafa. Ya ce mai yana gyara ƙarfe amma yana lalata harsashi, don yana silalewa ta gindi ya jiƙa abin da ke kama wuta. Harsashin da ya sha mai shekara da shekaru, ga tsufa ga zafin Jidda, babu wanda ya san halinsa. Wani ya mutu gaba ɗaya. Wani ya tashi rabi ya maƙale a cikin bututu. Wani kuma ya yi shiru, sai mutum ya zo buɗewa sannan ya tashi a fuskarsa. Umma ta ce to ya gaya mata mana. Baba ya ce, "In aiki yarinya ta ce wa uwata hidimar da take yi wa kayan mijinta tun kafin in yi aure ita ce ta lalata su?" Umma ta ci gaba da yanka albasarta.

Labari ya kai kunnen ƙanin Baba, Ammi Hamza, autan Sitti, wanda shi kam sunansa ba ya barin bakinta. Makanike ne a wata warsha, wato gareji, a Khumra, can kudu inda gari ya ƙare sai rumbunan ajiyar kaya da ɗakunan leburori. Mutum ne mai fara'a da surutu, tun daga bakin lungu ake jin sallamarsa, aljihunsa cike da alewa, kuma bai taɓa ganin matsalar da ba za a gama da ita kafin magariba ba. Ranar Juma'a ya zo da ƙunshi a tsumman warsha ya zazzage a gaban Baba. Sababbin harsasai ne suna ƙyalli, wani abokinsa ya ba shi, shi ma wani ya ba shi. Ya ce ya gwada da ido, girmansu ɗaya da na Sidi. "Halas, shi ke nan, Yaya, yalla mu kai tsohuwa daji ta ji abinta." Baba ya sa tabarau ya karanta 'yan lambobin da aka buga a gindin sabon harsashi, ya tashi ya je ya karanta waɗanda ke jikin bindigar, ba su zo ɗaya ba. Ammi ya ce ai in aka saka zai shiga. Baba ya ce, "Shiga kam zai shiga, Hamza. Ta inda zai fita ne ban sani ba." Ya ce ko da lambar ta dace, na yanzu an yi su ne don bindigogin yanzu, wasunsu ƙarfinsu ya fi abin da tsohon ƙarfe zai ɗauka, balle waɗanda ba a san hannun da suka bi ba, wataƙila wani ne ya sake cika su a ɗakinsa. Ammi ya kwashe kayansa yana dariya, ya ce da Sidi irin Baba ne, da kuraye sun cinye tumakin kafin ya gama karatu.

Abin da Baba ke nema shi ne harsashi mai ainihin lambarta, sabon yi, mai sauƙin ƙarfi, daga shagon da ke da izinin sayarwa. Ya yi ta bin shagunan da ya sani a ranakun hutunsa, tasrihinsa a aljihu. Wani ya ce an daina kawo irinsa tun zamanin ubansa, wani ya ce zai tambaya a Riyad, wani ya ce a dawo wani watan. Muharram ya wuce, Safar ya bi bayansa. Ni ina ta harkar makarantata, muna tsoron malamar lissafi da rularta, lokacin tara mu raba gurasa da cuku a gindin katanga, in ni da ƙawata muka manta muka yi Hausa sai 'yan aji su kewaye mu suna cewa mu sake faɗa. Kullum na dawo, kafin in cire takalmi sai Sitti ta ce, "Wancan ya ce wani abu?" in ce bai ce ba. Kunnenta kuwa da gaske tafiya yake yi. Da can tana jin kiran sallar masallacin bayan kasuwa kafin na lungunmu, sai ya zama na lungun ma sai na taɓa ta. Saƙon da Baba ya ba ni da murya ƙasa-ƙasa sai na sa baki a kunnenta na ɗaga murya. Kowa a gidan ya ga inda abin ya dosa, ba wanda ya faɗa.

A cikin wannan jiran ne Ammi Hamza ya kawo wani dillalin tsofaffin kayan tarihi, mai shago a tsohon gari, wai tunda ba za a harba ba, a san darajarta a huta. Mutumin ya zauna a majalisa, na kai shayi na tsaya, don Sitti ta ce in tsaya in jiyo mata. Ya leƙa cikin bututun ta hasken taga, ya duba hatimin masana'anta, ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta sauran sassan ya ga duk ɗaya ce, ya gyaɗa kai. Sannan ya shafa ƙusoshin tagullar ya ja tsaki. Ya ce masu tara irin waɗannan suna son ta ne yadda ta fito daga rumbun soja, ba a ƙara mata ba a rage ba. Ƙusoshin nan da jar fatar nan sun zubar mata da daraja sosai, man da katakon ya sha har ya yi baƙi ya tafi da wani abu daga ragowar. Duk da haka zai saya, don lambobinta sun dace, irinta kuma ta yi wuyar samu. Ya faɗi kuɗin da ya sa Ammi gyara zama. Na je na kwashe duka na zuba wa Sitti a kunne. Ta ce, "Wato abin da mai ita ya yi mata shi ne aibinta?" Na ce haka ya ce. Ta ce, "Ki ce wa baƙon ya shanye shayinsa kada ya huce." Na koma na faɗa yadda aka aiko ni, Baba ya raka shi har bakin lungu.

Washegari ta aike ni da saƙo mafi tsawo da na taɓa ɗauka tsakaninsu. Ta ce in ce wa wancan ta ji ana ta yawon neman harsashi a kasuwa, ita ba ta aiki kowa kasuwa ba. Na mai bindigar take so, waɗanda ya bari, waɗanda ta adana. In kuma shi tsoro yake ji, ga Hamza nan. Na faɗa wa Baba har da na ƙarshen, don ba a koya mini rage saƙo ba. Ya ƙura wa tabarma ido. Ko a lokacin na san abin da yake aunawa. In ya ƙi, ko dai Sitti ta kurumce ba ta ji ba, ko kuma wata rana yana wajen aiki Ammi ya lallaɓa ya samo ƙarfen nan ya ɗora kuncinsa a kan bindigar. Ya ce, "Ki ce mata Juma'a mai zuwa bayan la'asar. Amma yadda na ce haka za a yi."

Ranar muka fita a motar Baba, shi da Ammi a gaba, ni da Sitti a baya. Muka biya ta Khumra, Ammi ya ɗauko tsohuwar taya da doguwar igiya kamar yadda aka ce masa, yana ta mita. Muka wuce rumbunan, muka wuce inda kwalta ta ƙare, har muka kai wani fili da ba kowa sai tudun yashi da 'yan ƙayoyi. Baba ya zagaya bayan tudun da ƙafa ya tabbatar babu makiyayi babu raƙumi. Ya ajiye motar nesa, ya sauke gilashin ɓangaren Sitti. Ya mayar wa 'Yar Gajera ƙarfen ɗanawarta, ya kwantar da ita a kan tayar ya ɗaure ta tamau, bakinta na kallon tudun, ya ɗaura igiyar a kunamarta ya jawo har bayan motar. Ammi ya ce shi dai bai taɓa ganin an ɗaure bindiga kamar akuya ba, gara da Sidi ba ya nan. Baba ya zaɓi harsashin da ya fi sauran kyan gani, ya saka shi kaɗai, ya dawo. Ya ce kowa ya tsaya inda yake, kuma ko me ya faru kada wanda ya matsa sai ya ce. Sitti ta kama hannuna, ta janye mayafi daga kunnenta na dama, wanda ya fi ɗayan sauran ji.

Baba ya yi bisimilla ya ja igiyar. Muka ji ƙas, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, shi ke nan. Sitti ta ce, "An yi?" Na ce ba a yi ba. Ammi Hamza ya tafa hannu ya ce ai ya faɗa, wannan ya mutu, a cire a sa wani, ya zagayo motar ya nufi tayar da saurinsa na kullum. Wallahi ban taɓa ganin Baba ya yi gudu ba sai ranar. Ya cafko wuyan rigar Ammi ta baya ya fizgo shi har maɓalli ya tsinke, su biyu suka zube a yashi. Ammi ya buɗe baki zai yi faɗa, sai 'Yar Gajera ta tashi. Ƙarar ta daki ƙirjina, ta bugi tudun ta dawo, tayar ta girgiza. Hayaƙi ya fita ta baki, wani kuma ya feso ta baya, daidai inda fuskar mutum za ta kasance da a kafaɗa aka riƙe ta. Ammi ya zauna a ƙasa yana kallon wajen.

Na juya ga Sitti. Ba ta firgita ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗan karkata kai tana bin ƙarar har ta ɓace, sannan ta tambaye ni me ya sa aka daɗe. Na ce an ja igiyar tun ɗazu, ita ce ba ta tashi ba sai yanzu. Sai ta yi 'yar dariya ta hanci, irin wadda take yi in ta kama mu da ƙarya, ta ce, "To ai shi ne. Yaushe ya taɓa zuwa a kan lokaci?" Ta mayar da mayafinta ta ce mu tafi gida a ɗora tukunya.

Baba ya daɗe kafin ya yarda ya matsa kusa da tayar. Da ya zaro kwanson sai ga shi ya tsage daga wuya har kusa da gindi. Ya miƙa wa Ammi, Ammi ya juya shi a tafin hannu ya jefa a aljihun da yake zuba mana alewa. Muka kama hanyar dawowa. Mun hau kwalta kenan, rumbunan Khumra sun fara bayyana, sai Sitti ta ɗaga fuska ta fuskanci ƙeyar mai tuƙi ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ba ni ta faɗa wa ba. Baba ya kalle ni ta madubi, na ga jira yake. Na ce, "Ta ce Allah ya yi maka albarka." Ya ce, "Ki ce mata amin." Ya kai mu gida da tuƙin da ya fi na kullum sanyi.

Washegari ya wanke cikin bututun da ruwan zafi, don ya ce tsofaffin harsasai na barin wani gishiri da ke cin ƙarfe in aka bar shi ya kwana biyu. Ya busar da shi, ya sake kulle ƙarfen nan a akwatinsa, ya aike ni da bindigar Sitti ta shafa mata mai. Ragowar harsasan ya kai wa hukuma ya miƙa, kuma Ammi Hamza da kansa ya kawo nasa ƙunshin aka haɗa. Gwangwanin samna ya dawo ɗakin Sitti babu komai a ciki. Ta girgiza shi, ta ajiye, daga baya ta riƙa zuba ƙullin gyaɗa. Ba ta tambaya ba, ba a kuma aike ni da bayani ba, don haka har yau ban sani ba ko ta gane abin da man nata ya yi. Kunnen ya rufe kafin azumi, ita kuma ta rasu a shekarar da ta biyo. Bayan nan ne ɗaya daga cikin masu shagon ya aiko wa Baba cewa an samo harsashin da yake nema. Baba ya ce ya gode, buƙatar ta wuce.

Yanzu filin nan na bayan Khumra rumbuna ne da manyan motoci, na bi ta wajen ban gane ko tudun ba. Mun bar lungun Bab Makka, kowa na gidan bene a tasa unguwar, da na'urar sanyaya ɗaki da ke hana laima shiga. Baba ya rasu. 'Yar Gajera na hannun yayana da sabon tasrihi, ƙarfen ɗanawarta na kulle a wani wuri daban. Ammi Hamza ya tsufa, kuma duk jikan da ya matsa kusa da ita sai ya zaro masa tsagaggen kwanson nan ya nuna masa. Yaranmu sukan duba a waya su ce irinta ta yi tsada ƙwarai, su ƙara da cewa kaico da ƙusoshin. Ɗan farina ina kiran sunansa daga safe har yamma, in yi masa magana da Hausa ya amsa mini da Larabci, ba ma buƙatar ɗan aike. Na fi Sitti sauƙi, amma wani lokaci nakan yi kewar gidan da magana sai ta bi ta hannun wani kafin ta isa. Duk farkon Muharram nakan je gidan yayana da kwalbar man riɗi in shafa wa ƙarfen da ƙusoshin tagullar. Tun ranar nan ba ta ƙara magana ba, kuma babu sauran mai ɗora mata tukunya.